Tashar Nukiliyar da Ba a Gina Ba

Ku ƙannen Bilkisu kun taso kun tarar da magana biyu a gidan nan da ba a yin su a gabana. Ɗaya ita ce abin da ya tashe mu daga unguwar Madain Fahd muka koma unguwar Sa'alaba a nan Jidda, ɗayar kuma abin da ya sa yayarku ta yi shekaru ba ta tako Jidda ba, ko waya ta kira sai dai ta nemi Ummanku. Na san kun ji ta bakin mutane da yawa. Wasu sun ce muku na tozarta 'yata a bainar jama'a don in faranta wa manya, wasu sun ce aminina na yi wa butulci. Yanzu ƙarfi ya ƙare, ido ma ya fara yi mini gardama, gara ku ji daga bakina tun ina iya tuna yadda aka yi.

Kamfanin da ya kawo ni Jidda, wanda shi ne kafilina, mai ɗauke da nauyin zamana a ƙasar, a lokacin, yana yi wa masu gina tashoshin lantarki da na tace ruwan teku ƙiyasi. Ni ba na ɗaure ƙarfe, ba na zuba kankare. Zane ake kawo mini in faɗi abin da ginin zai ci, idan an gama kuma in koma in duba inda na kuskure. Wannan komawar ita ta koya mini tsoron bakina. Akwai lokacin da wani babban mai hulɗa da kamfanin ya so a bincika masa tashoshin nukiliyar da aka gina a ƙasashe daban-daban, aka ɗora mini aikin, na daɗe a kansa har na san su kamar gidajen unguwarmu ta Malumfashi. Abin da na gano ba shi da wuyar faɗa. Tashar nukiliya ba ta hayaƙi, ba ruwanta da dare ko rana, kuma idan ta tashi makamashinta ba shi da tsada. Masifarta tana wajen gini. Bashi ake ci a gina ta, kuɗin ruwa yana hawa tun kafin ta kunna ƙwan fitila ɗaya, duk shekarar da aka yi jinkiri sai ta ƙara wa talakan da zai biya wutar kaya. Ƙasashen da suka saba, suna maimaita zane ɗaya da ma'aikatan da hannunsu ya faɗa, wasunsu sun gama ba tare da kuka ba. Wasu kuma, har da masu arziki, sun shiga sun rasa ƙofar fita. Ina son nukiliya, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma ban taɓa yarda in ce tana da araha ba tare da an gaya mini wa zai gina, da kuɗin wa, a kan wane layin wuta ba.

Bilkisu ita ce 'yar fari, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba, Uwata nake ce mata. Ummanku kuwa haifaffiyar unguwar Hindawiyya ce a nan Jidda, ba ta san wannan kunyar ba, Abu Bilkisu take kirana gaban kowa. Yayarku tana yarinya aka yi ambaliyar nan ta Jidda, dangin Ummanku suka kwana a falonmu da laka har gwiwa, wata tsohuwa a cikinsu tana ta tambayar inda jikarta take. Tun daga ranar ruwan sama ya daina zama abin murna a wurinta. Da ta girma ta zaɓi ta je gida Najeriya ta yi karatu, ta gama ta ƙi dawowa, ita da abokan karatunta suka kafa ƙungiya a kan sauyin yanayi. Suna zuwa ƙauyukan da ruwa ya cinye da waɗanda rijiyoyinsu suka ƙafe, suna ɗaukar maganar mutane suna kai wa inda za a ji. Ina alfahari da ita, har hotunanta nake nuna wa Misirawa da Indiyawan ofishinmu.

A azumin shekarar da nake ba ku labari Alhaji Lawal ya zo umra ya sauka a gidanmu. Ku kun san shi da Baffa Lawal. Tare muka yi makaranta, shi ya fara zuwa Jidda, shi ya kai takarduna kamfanin, shi ne kuma ya yi mini walicci wajen auren Ummanku. Ya riga ni komawa gida ya shiga cikin masu ba gwamnati shawara. Wata rana bayan la'asar muna zaune muna jiran magariba, ƙamshin shurba, romon buɗa baki, yana fitowa daga kicin, ya gaya mini abin da ke tafe da shi. An kafa kwamiti a gida da zai saurari masana a kan ko ƙasa ta shiga gina tashar nukiliya. Shi yana cikin masu tura maganar. Yana so in yi jawabi ta bidiyo daga nan Jidda, a matsayin ɗan ƙasa da ya ga aikin a waje, in ce ita ce wuta mafi araha da za mu samu. Idan abin ya tabbata za a buɗe ofishin kula da aikin, kuma ya riga ya ambaci sunana.

"Sabi'u, shekarunka nawa yanzu?" in ji shi. "Kwantiraginka ya kusa ƙarewa, kuma ka san ba sa sabunta wa masu furfura. Ka dawo gida da mutuncinka, ka mutu a inda aka san ubanka."

Na duba takardun da ya zo da su. Farashin da ke ciki na mai sayarwa ne, irin wanda ake faɗa kafin a sa hannu. Babu kuɗin ruwa, babu jinkiri, babu gyaran babban layin wutar ƙasa wanda kowa ya san yadda yake faɗuwa. Na ce masa wannan kamar mutum ne ya ƙiyasta aure da sadaki kawai.

"Na sani," ya ce. "Ka ɗauka ni jahili ne? Amma idan muka faɗi duka ba za a fara ba, idan ba a fara ba jikokinmu ma da janareto za su mutu. A fara tukuna, sauran Allah zai kawo."

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Na ce zan yi jawabin. Aka kira salla, muka sha ruwa, ya ɗauka magana ta ƙare. Ni kuma raina yana son gida ƙwarai a lokacin. Na gaji da sabunta iƙama, takardar izinin zama, na gaji da zama baƙo a garin da na haifi 'ya'yana duka.

Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki Bilkisu ta kira. Ashe ƙungiyarsu ma za ta bayyana gaban kwamitin, su suna adawa da tashar, suna cewa a zuba kuɗin a wutar hasken rana. Ta ji an sa sunana cikin masu magana, murna ta kama ta, domin ta sha jin ina kukan tsadar ginin a kan tabarmar cin abinci. Ta aiko mini da takardarsu, ta ce in duba in sa hannu a ƙasa. Na karanta ta a ofis lokacin hutun azahar, na sake karantawa a gida. Rubutun ya yi kyau, sai da ya sa ni hawaye a inda ta kawo maganar matan da ke tafiya neman ruwa. Amma da aka zo lissafi, tashoshin da suka fi kowanne lalacewa kaɗai suka tsinto, suka bar waɗanda aka gama lafiya kamar ba a taɓa gina su ba. A ɓangaren rana kuma suka sa kuɗin faifan tara hasken kawai, wanda gaskiya ne ya karye ƙwarai, suka yi shiru a kan batir da abin da zai riƙe asibiti da masana'anta idan rana ta faɗi. Na kira ta na gaya mata, a hankali, kamar yadda nake gaya wa ƙananan injiniyoyi.

"Baba, ba ƙarya muka yi ba. Duk abin da ke ciki ya faru."

"Ya faru, Uwata. Amma wanda kuka bari a waje shi ma ya faru."

"To su Baffa Lawal fa? Ka ga tasu takardar? Su da kuɗi da manya, mu da bakinmu kawai. Idan na tsaya gaban mutane na ce ya danganta, wa zai saurare ni? Ba a tara jama'a da ya danganta, Baba."

Na ce mata ranar da aka kama su da rabin magana a kan batir, ranar za a daina yarda da su a kan rijiyoyin ma, alhali maganar rijiyoyin gaskiya ce tsantsa. Na ce ta ba ni mako guda in gyara musu lissafin, zai fito da rauni kaɗan amma ba mai iya ture shi. Ta ce an riga an buga, an raba wa 'yan jarida. Sannan ta ce idan ba zan sa hannu ba, to don Allah kada in taɓa takardarsu a jawabina. Na yi mata alkawarin ba zan kawo ta da kaina ba. Iyakar abin da na yi alkawari ke nan, kuma na san ta ji shi fiye da yadda na faɗa.

Ummanku tana jin duk wannan daga ƙofar kicin. Ita ba ruwanta da nukiliya, abin da ta sani shi ne mutum biyu da take ƙauna suna jan mijinta.

"Abu Bilkisu, ka ce ba ka da lafiya, halas, shi ke nan. Ciwon suga gare ka, ba ƙarya ba ne. Su yi taronsu, kowa ya ci gaba da gaishe ka."

Na yi tunanin hakan, Allah ya sani. Amma sai na riƙa tuna 'yar'uwata da ke Malumfashi da injin niƙanta, wadda ko wace hanya aka bi ita za a kawo wa takardar kuɗin wuta. Na ga idan wanda ya yi shekaru yana duba wannan abu ya kwanta ciwon ƙarya, to saura masu rabin magana biyu, kwamiti ya zaɓi rabin da ya fi masa daɗi.

Ranar taron na sa farar riga da hula na zauna a falo da rana tsaka, ɗayanku ya daidaita mini kwamfuta ya tafi makaranta. Na yi jawabina. Na ce nukiliya wuta ce mai tsabta, kuma ƙasa mai yawan jama'a irin tamu ba ta da ikon raina ta. Na ce farashin da aka gabatar musu ba shi ne abin da za a biya ba, na lissafa abin da aka bari a waje. Na ce babu mai iya faɗa musu abin da za ta ci sai an san mai ba da bashin da sharuɗɗansa, an kuma gyara layin da zai ɗauki wutar, duk wanda ya ba su lamba ɗaya tak yau to fata yake sayar musu. Ina magana ina ganin fuskar Lawal a ɗan ƙaramin akwati a gefen allo. Bai motsa ba, sai dai ya cire tabarau ya ajiye.

Na ɗauka an gama, sai wani ɗan kwamiti ya ɗaga takardar su Bilkisu. Ina jin ya lura da sunan.

"Injiniya, wannan Bilkisu Sabi'u da ta sa hannu a nan, 'yarka ce?"

Na ce 'yata ce.

"Madalla. Sun ce rana kaɗai ta ishe mu, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Kai masani ne. Lissafinsu daidai ne?"

Tana cikin zauren. Ban gan ta ba, amma na san tana nan. Na ce abin da suka faɗa a kan halin da ƙauyuka ke ciki gaskiya ne, kuma gaskiya ne wutar rana ta yi sauƙin da ya kamata a rungume ta tun jiya. Ya ce ba wannan ya tambaya ba. Na ce lissafin bai cika ba, an bar batir a waje, an kuma zaɓi tashoshin da aka kwatanta da su. Ya ce wato ba daidai ba ne. Na ce, a yadda yake, ba daidai ba ne.

Da na rufe kwamfutar Ummanku tana tsaye da tire a hannu, ban san tun yaushe ba.

"Da ka ce layin ya yanke," ta ce. "Kullum layin Najeriya yankewa yake. Yau kaɗai ya ga dama ya tsaya."

Kafin magariba an yanka jawabina gida biyu. Mutanen su Lawal suka ɗauki inda na ce lissafin 'yata ba daidai ba ne, suka yaɗa da rubutu a sama cewa ko ubanta ya ƙaryata ta. Masu adawa da tashar suka ɗauki inda na ce fata ake sayarwa, suka yaɗa cewa masani daga Saudiyya ya tona asiri. Babu wanda ya yaɗa tsakiyar. Har a masallacin unguwa wani ɗan Nijar mai sayar da turare ya nuna mini kaina a wayarsa, yana tambaya ko ni ne. Na kira Bilkisu ba ta ɗauka ba. Na kira Lawal ya ɗauka, ya ce, "Na gode, Sabi'u," ya kashe. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe da shi.

Sauran kun gan shi da idonku, ko da ba ku san tushensa ba. Kwantiragi ya ƙare, ba a sabunta ba, kamar yadda Lawal ya faɗa. Ofishin da aka ambaci sunana babu shi, gida kuma ban tanadi abin komawa ba, ku kuna tsakiyar karatu. Na samu wani ƙaramin ɗan kwangila ya karɓi iƙamata, ina yi masa ƙiyasin gidajen haya da shaguna, muka bar Madain Fahd muka koma ɗakunan nan na Sa'alaba inda bango ke tsattsafo da gishiri. Ummanku ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai ranar da muke ɗaure kaya na ji tana gaya wa ƙanwarta cewa ta auri mutumin da zai tsaya gyara wa mai wankan gawarsa lissafin likkafani. Ƙungiyar su Bilkisu ta watse bayan masu tallafa musu sun janye, aka riƙa yi mata ba'a da maganata a duk inda ta tashi yin jawabi. Kwamiti ya rubuta rahoto, aka yi zaɓe, aka kafa wani kwamitin. Ba a gina tashar ba. Filayen faifan ranar da su Bilkisu suka nema su ma ba a yi ba. Har yau idan na kira Malumfashi sai 'yar'uwata ta fita waje, saboda ƙarar janareto.

Lawal ya rasu ina nan. Labarin ya same ni a wurin aiki, an riga an kai shi. Na shiga mota na tafi Makka na yi masa umra, ina ɗawafi ina tuna ranar da ya tarbe ni a filin jirgi da jakata ɗaya. Ban taɓa ɗaukarsa maƙaryaci ba. Mutum ne da ya gaji da duhu har ya yarda a shiga rami in dai akwai fitila a ƙarshensa. Da ina da hali da na gaya masa haka yana da rai.

Bilkisu ta zo ne lokacin da aka kwantar da Ummanku a asibiti, da 'ya'yanta biyu da ban taɓa ɗauka ba. Ta gaishe ni a tsugune kamar yadda aka koya mata, ta tambayi jikina, ba ta ƙara ba. Sai ranar da aka sallamo Ummanku, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida ina shan shayi, ta kawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta yi furfura a gefen goshi. Ta ce yanzu tana aiki da masu sa wa ƙananan asibitocin karkara wutar rana, ɗaya bayan ɗaya, ba taro ba jarida.

"Har yanzu ina ganin da ka yi shiru ranar nan," ta ce.

Na ce na sani.

"Ba don lissafin ba. Lissafin kai ke da gaskiya, na san haka tun kafin ka faɗa. Amma ni ce a zauren, Baba. Kowa ya juyo ya kalle ni."

Ban ba ta haƙuri a kan abin da na faɗa ba, ita ma ba ta nema ba. Na ce mata tun daga ranar babu sallar da na yi ban ga wannan zauren ba, ni da ban taɓa shigarsa ba. Mai gas ya wuce yana buga tukunyarsa. Can ta ce bara sun fitar da wani rahoto, ita ta rubuta shi, ta sa komai a ciki, da abin da ke goyon bayansu da wanda ba ya yi.

"Ka san mutum nawa suka karanta?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba. Babu wanda ya kira ya zage ni, babu wanda ya kira ya yaba."

Ta yi dariya kaɗan, irin ta wanda ya sauke kaya a inda ba nan ya nufa ba, ta ɗauki kofina ta shiga ciki ta ƙaro mini shayi.

Abin da ya faru ke nan. Ba na neman ku ce na yi daidai, domin ni kaina na daina yi wa kaina wannan shari'ar, ta fi ƙarfina. An tambaye ni abin da na sani na faɗa, ya ci mini amini, ya ci mini komawa gida, ya ci mini shekarun da jikokina suka yi rarrafe ban gani ba, kuma ko ƙwan fitila ɗaya bai kunna wa kowa ba. Abu ɗaya nake roƙonku. Idan kun ji ana ba da labarin nan, kada ku bari a yanka shi biyu. Yayarku tana da gaskiyarta, Baffanku Lawal yana da tasa, ku sa shi a addu'a idan kun tashi yi mini.